Kalwa a Kan Siminti

Tun ina yarinya a ƙauyenmu na wajen Taura nake yin daddawa. A hannun kakata na koya, ita kuwa ba ta koyarwa da baki. Sai dai ka tsaya ka kalla, in ka yi ba daidai ba ka ji muciya a gadon bayanka. Aiki ne mai cin jiki. A dafa kalwa wuni da kwana har ta yi laushi, a zuba a turmi a surfe da toka, a kai bakin rijiya a wanke a rege, a mayar kan wuta da 'yar kanwa. Sai a tsane ta a kwando tun tana tururi, a lulluɓe da ganye da tsummoki, a kai lungu a ajiye. Daga nan aikin mutum ya ƙare. Bayan 'yan kwanaki ka buɗe, wari ya buge ka, ka ɗebo ka ga yauƙi yana bin yatsunka kamar zare. To, ta yi.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin tsummokin nan ba wadda ta taɓa tambaya a cikinmu. Abin da muka tashi muka tarar shi ne, hannu ne. Akwai hannun da daddawa ke so, akwai wanda take ƙi. Macen da ta rufe kalwa ta ƙi yi, ana cewa hannunta ba albarka, kuma maganar ba ta tsayawa a kan daddawa. Takan bi ta har tukunyar tuwo, har goyo, har dukiyar miji. Na san wata a ƙauyenmu da ta tsufa ba a taɓa barinta ta taɓa tukunyar suna ba.

Da maigidana ya rasu, autana ya ɗauko ni ya kawo ni Dutse, gidan da yake haya a Limawa. Gida ne na bulo da kwano, ko'ina siminti, har tsakar gida. Ba gona, ba awaki, ba rijiya. Na ce masa ni ba zan zauna ina kallon bango ba, ya samo mini kalwa. Da bazara na zo, zafi kamar a gasa mutum, na yi daddawata ta yi kyau. Na yi da damina, ta yi kyau. Matan unguwa suka san ƙofar gidan.

Bayan an gama girbi yaron ya yi aure. Yarinya ce mai shiru-shiru, mai tsabta har ta yi yawa, irin waɗanda ke wanke abin da aka riga aka wanke. Lokacin bayana ya fara hana ni sunkuyo, sai na ce, "Amarya, zo ki tsane mini kalwar nan ki rufe." Ta ce, "To, Inna." Ta yi yadda na nuna mata, ina zaune ina kallo. Ban ga inda ta kauce ba.

Ranar buɗewa na tarar da kalwa a zaune kamar tsakuwa. Ba yauƙi, ba warin da na sani, sai wani tsami-tsami, gefe kuma ya yi fumfuna. Na kwashe na zubar. Muka sake, ta sake rufewa, ta sake ƙi. Na uku ma haka.

A na ukun ne yayar marigayi maigidana ta zo daga Takur, inda take zaune gun ɗanta. Kowa Gwaggo yake ce mata, ni kaɗai ke ce mata Yaya. Ta girme ni, kuma tunda na shigo danginsu ban taɓa jin ta ce ba ta san abu ba. Ta leƙa kwandon, ta taɓe baki.

Ta ce, "Wa ya rufe?"

Na ce, "Amarya ce."

"Na baya fa?"

"Ita ce."

"Kafin ta zo gidan nan ta taɓa ƙi miki?"

Na ce ba ta taɓa ba.

Ta buɗe hannuwa ta ce, "To me kuma kike nema? Kura ta zo gari, akuya ta ɓata, kina tambayar wa ya ci?"

Yarinyar tana bakin murhu, ta ji komai. Ba ta ɗago kai ba.

Gaskiya maganar Gwaggo ta hau. Kafin amarya daddawa tana yi, bayan amarya ta daina. Amma ni mutum ce mai kallo, kuma na daɗe da sanin cewa abu biyu suna iya shigowa gida rana ɗaya ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Baƙo ya zo, ruwa ya sauka, ba baƙon ne ya kawo hadari ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama dangi. Aka yi suna a gidan wani ɗan'uwa, amarya ta je da zaninta na aiki za ta kama tuƙin tuwo, wata ta karɓe muciyar tana murmushi ta ce, "Huta, amarya, kar ki ɓata lallenki." Suka sa ta tsintar shinkafa, can gefe, ita da yara. A gida kuwa na lura ɗana ya fara cin abinci a waje. Shi dama ba mai magana ba ne, irin ubansa. Amma an samu matsala a wajen aikinsa a watan, na kuma ji Gwaggo ta kira shi ta yi masa magana a soro. Na san irin maganar. Ita ce ke fara raba aure tun ba a ambaci saki ba.

Sai na ce wa amarya ta je ta gaida iyayenta, ta yi musu kwanaki. Ta dube ni da ido jawur, ta ɗauka korarta nake.

Na ce, "Ke, ba na son kuka. Ki je, zan aiko a ɗauko ki."

Da ta tafi na yi aikin ni kaɗai tun daga dahuwa har rufewa, bayana yana kuka ina yi. Hannuna, wanda daddawa ba ta taɓa ƙi ba tun ina budurwa. Na buɗe, ta ƙi.

Wallahi ban taɓa murnar lalacewar kalwa ba sai ranar. Na aika aka kira Gwaggo na nuna mata.

Na ce, "Yaya, ga shi. Yarinyar ba ta gari. Ni na rufe."

Ta duba, ta ce, "Ai ta riga ta shafa wa gidan. Irin wannan ko sun tafi inuwarsu tana nan."

Na ce, "In tana nan ta ƙi, ita ce. In ba ta nan ta ƙi, ita ce. To yaushe ne ba ita ba?"

Ta ce, "Ke dai kin cika musu."

A nan na gane da Gwaggo ba a gamawa da baki. Maganar da ta toshe duk ƙofar da za a bi a kama ta, ba magana ba ce, gini ne ba taga. Na aika aka dawo da amarya, na koma ina tunanin me kuma ya canja ban da ita.

Na fara zargin ruwa. A ƙauye da ruwan rijiya muke yi, nan kuwa na famfo ne, wani lokaci har da warin magani. Na sa ɗana ya yo mini jarkoki daga rijiyar ƙauye, yana ta ƙunƙuni. Muka dafa da shi, muka wanke da shi. Ta ƙi. Sai daga baya na tuna ai da bazara ma da ruwan famfon na yi, ta kuma yi kyau. Da na tuna da wuri da na hutar da kaina. Haka abin yake, sai ka sha wahala sannan ka ga amsar tana zaune a gabanka tun farko. Na zargi kalwar, na canja mai sayarwa. Ita ma ba ita ba ce. Kowane gwaji itace ne, da kwana a bakin wuta, da ciwon baya. Matan da ke zuwa saye suka koma dunƙulen kanti.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata malamar makaranta, Kirista ce, mutumiyar Filato. Kimiyya take koya wa 'yan mata. Ita ma tana sayen daddawata, ta ce tana tuna mata da miyar uwarta. Wata ranar Asabar ta shigo da kwanonta, na ce babu, na ba ta labari a gajarce don ba na son yawan bayani.

Ta ja kujera ta zauna ta ce, "Mama, kin san ba ke ce ke yin daddawar nan ba?"

Na ce, "To ubanwa ke yi? Ke?"

Ta yi dariya ta ce, "Wasu halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Su ke shiga kalwar su ci, su narkar da ita, su kawo yauƙin da warin. Kamar yadda madara ke zama nono in an zuba ta a tsohuwar ƙwarya."

Na ce, "Malama, ni ban yi boko ba. Gwaggo ta ce inuwa ce da ba a gani, ke kin ce halitta ce da ba a gani. Wanne zan kama?"

Ta ce, "Kama wanda za a iya gwadawa. In nawa ƙarya ne, kalwar za ta tona mini asiri."

Wannan maganar ta shige ni, don abin da Gwaggo ta ƙi ke nan, a gwada maganarta.

Malama ta yi ta tambaya kamar alƙali. A me ake tsanewa, da me ake rufewa, wa ke wanke kayan. A nan amarya ta buɗe baki da ƙyar ta ce ita ta wanke tsohon kwandon da na zo da shi daga ƙauye, da sabulu da tafasasshen ruwa, ta goge shi tas don ta ga ya yi baƙi. Da ya yage kuma aka sayo sabo. Malama ta tafa hannu.

Ta ce, "Shi ke nan! Irinsu yana jikin tsohon kwandon, an wanke su."

Fuskar amarya ta faɗi. Ta ce, "Ashe dai ni ce."

Na ce, "Rufe mini baki. Wanke kwando daban, mugun hannu daban. Kuma ba a gwada ba tukuna."

Malama ce ta koya mini raba tukunya. Ta ce in na canja abu a wannan dahuwar na kwatanta da ta wancan makon, ban san ko wani abin ne ya canja ba. A dafa tukunya ɗaya, a raba biyu, komai iri ɗaya ban da abu ɗayan da ake zargi. Na aika ƙauye aka aro mini tsohon kwandon wata ƙawata, baƙi ƙirin, bai taɓa ganin sabulu ba. Rabi a cikinsa, rabi a sabo, muka ajiye su gefe da gefe a lungun ɗakin girki.

Ranar buɗewa Malama ta shigo tun kafin ta tafi makaranta, da jakarta a kafaɗa. Ta sabon kwandon ta ƙi. Ta tsohon ta ɗan fi, akwai alamar yauƙi, amma ba daddawar da za ka kai wa mutum ba ce. Malama ta tsaya tana kallo, ta cije leɓe.

Ta ce, "Mama, maganata ba ta cika ba. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai abin da ya rage."

Ban saba jin mai ilimi ko mai shekaru ya faɗi haka ba. Na ji ta ƙara girma a idona, ko da yake a ranar haushi ne ya fi yawa, don na gaji. Na zauna a ƙasa da kwandon a gabana, ba don wani tunani ba, sai don in huta. Na tura hannu ciki zan kwashe in zubar. Sai na ji tsakiya da ɗumi-ɗumi, da santsi. Na ƙara turawa ƙasa, na ji sanyi, ƙwayoyin a tsaye ƙyam. Na ɗaga kwandon na dafa simintin da ke ƙarƙashi. Sanyi kamar randa. Ni kaina da nake zaune a kai ya ratsa zanina.

Na ce, "Malama, taɓa nan. Taɓa nan kuma."

Ta taɓa, ta ce, "Ai kuwa! Halittun nan ɗumi suke so. In suna aiki su da kansu suna fitar da zafi, tsummokin nan riƙe shi suke. Simintin yana shanye zafin ta ƙasa, kwanon rufi yana sakin sanyi ta sama."

Sai komai ya dawo mini. A ƙauye ɗakin ƙasa ne mai rufin ciyawa, kwandon kuma a gefen murhu yake zama, a kan ƙasar da wuta ta kwana tana gasawa. Ba wadda ta ce mana don ɗumi ne. Nan ne wurinsa kawai, nan kakata ke ajiyewa. Da na zo Dutse da bazara, zafin gari ya rufa mini asiri. Amarya kuwa ta shigo gidan tare da ɗari. Ita da sanyi rana ɗaya suka yi sallama, aka kama mai fuska aka bar marar fuska.

Amarya ce ta ce, a hankali, uwarta takan shimfiɗa buhun ƙaiƙayi a ƙarƙashin kaza mai kwanci in ana sanyi. Ko za a gwada? Na dube ta na ce, "Ashe kina da baki."

Wannan karon na ce sai da Gwaggo za a yi. Na je har Takur da kaina na ce, "Yaya, hannunki nake so ki ara mini, kowa ya san naki mai albarka ne." Ta gyara zama, ta ce ai dama da an neme ta tun farko. Muka dafa tukunya ɗaya babba, aka raba kwando huɗu, duka sababbi. Gwaggo ta rufe biyu, amarya ta rufe biyu. Aka ɗauki ɗaya na Gwaggo da ɗaya na amarya aka ajiye a kan siminti inda aka saba. Sauran biyun aka ɗora a kan buhun ƙaiƙayi a jikin murhu, aka ƙara musu tsohon bargo. Na sa Gwaggo ta ɗaura wa nata jan ƙyalle da hannunta don kar a ce an musanya. Ta kwana a gidan har ranar buɗewa, tana gadi.

Na sa ɗana ya tsaya, ban bar shi ya fita ba. Malama ta leƙo ta katanga. Muka fara da na kan siminti. Na amarya ya ƙi. Gwaggo ta ce, "Uhm," ta dubi ɗana. Aka buɗe mai jan ƙyalle, shi ma ya ƙi, har ya fi fumfuna. Sai na jikin murhu. Tun kafin a ɗaga bargon wari ya cika ɗakin, warin da na yi watanni ban ji ba. Na Gwaggo ya yi. Na ce, "Amarya, buɗe naki." Ta yaye tsummokin, ta ɗebo, yauƙi ya biyo yatsunta har gwiwar hannu.

Na ce wa ɗana, "Ka gani da idonka?"

Ya ce, "Na gani, Inna."

"To ka riƙe."

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi. Dama na sa an yi mata addu'a makon jiya, ga shi Allah ya karɓa, abin ya sake ta."

Malama ta buɗe baki daga kan katanga, na girgiza mata kai. Na riga na gaji. Ba Gwaggo nake nema ba dama, yaron nake nema, shi kuma ya gani. Da daddare ya ci tuwon matarsa a gida, har ya nemi ƙari.

Ba zan ce mun gane komai ba. Wata damina daddawar ta sake ƙi a kan buhun ƙaiƙayin, da ɗumi da komai. Malama ta ce wataƙila ruwa ne bai tsane ba, halittun suna son iska kamar yadda suke son ɗumi. Ta ce za mu raba tukunya mu gani, sai aka yi mata canjin wurin aiki kafin mu yi, ta koma wani gari. Amarya ta gwada daga baya ita kaɗai, ta ce da alamar haka ne, amma sau ɗaya ta yi, ni kuwa yanzu ba na yarda da sau ɗaya.

A dangi har yau kashi biyu ne. Akwai masu cewa siminti ne, akwai masu cewa addu'ar Gwaggo ce ta wanke yarinyar. Na biyun sun fi yawa, don labarinsu ya fi daɗin faɗa. Gwaggo ta rasu a kan maganarta, Allah ya ji ƙanta. Ni na daina jayayya. Abin da na sani shi ne a sunan da aka yi bara amarya ce ta tuƙa tuwo, da goyonta na uku a baya, ba wadda ta karɓe mata muciya. Wata tsohuwa ɗaya ce na gani ta ture kwanonta gefe ta ce ta ƙoshi. Na gan ta, ta kuma san na gan ta.

Yanzu ba na iya ɗaga turmi, ba na iya kwana a bakin wuta. Ita ke yin daddawar gidan, matan unguwa kuma ita suke yi wa sallama. Har yanzu Amarya nake ce mata. Sai dai duk ranar rufewa, in ta tsane kalwar ta shimfiɗa buhun, takan tsaya ta goge tafin hannunta a zani, ta sake gogewa, kamar akwai abin da ya maƙale. Ba ta san ina kallo ba. Rannan na ce mata, "Ke, ƙasa za ki taɓa, ba hannunki ba." Ta sunkuya ta dafa simintin, ta ce da sanyi. Na ce to ta ƙara bargo.